Me ya sa finafinan kaboyin Italiya suke wuce gona da iri a harbi da barkwanci?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Tun ina yaro mahaifina yake ba mu labarin finafinan kaboyin da suka kalla a silima a zamaninsu, musamman Django da Trinity. Kwanan nan na nemo su na kalla, sai na rasa inda zan ajiye su. A ɗaya, mutum guda ya karkashe gommai da bindigar da ya ciro daga akwatin gawa, a ɗayan kuma sai mari da naushi ake ta yi babu ko ɗigon jini, kamar wasan yara. Daga baya na ji ashe ba ma Amurkawa suka yi su ba, mutanen Italiya ne. Shin rashin iya fim ne ya sa suke wannan ƙarin gishiri, ko da gangan suke yi? Kuma ta yaya fim ɗin kisa ya rikiɗe ya koma na barkwanci?"

Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, ta farko a kan ko zuzuta harbin da ka gani gazawa ce ko niyya, ta biyu kuma a kan yadda aka tashi daga Django na 1966 aka iso Trinity na 1970 cikin shekara huɗu kacal. Amsata ita ce da gangan ake yi, kuma harbin da ya wuce hankali da barkwancin da ya biyo bayansa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sana'ata tace fim ce da daidaita sauti, ina kuma koya wa matasa wannan aiki, saboda haka ta wannan fuska zan fi duba lamarin, wato ta fuskar lokaci da sauti, domin a nan sirrin waɗannan finafinai yake.

Inda abin ya samo asali

Kafin kaboyi, abin da masana'antar fim ta birnin Roma take ci da shi shi ne finafinan ƙarfafan mazan tarihin Girka da Rum, irin Hercules na 1958 wanda Steve Reeves ya fito a ciki, inda za ka ga mutum guda ya ture ginshiƙin fada ko ya watsa rundunar sojoji da sarƙa. Da kasuwar waɗannan ta fara mutuwa a farkon shekarun 1960, sai daraktocinsu da masu ɗaukar hotonsu da 'yan alkafuran da suke faɗowa daga kan dawaki suka koma neman wata hanyar abinci. Sergio Leone kansa fim ɗin farko da ya fito da sunansa a matsayin darakta, a 1961, irin wannan ne. Wato mutanen da suka ƙirƙiro kaboyin Italiya sun riga sun saba da jarumin da ƙarfinsa ya fi na ɗan Adam, abin da suka yi kawai shi ne suka karɓe takobi daga hannunsa suka miƙa masa bindiga.

A 1964 Leone ya fitar da Per un pugno di dollari, wanda aka fi sani da A Fistful of Dollars, da kuɗin da bai wuce kimanin dala 200,000 ba, jarumin fim ɗin Clint Eastwood kuma dala 15,000 aka biya shi. Rashin tabbacin kasuwa ya sa suka ɓoye sunayensu, Leone ya kira kansa Bob Robertson, mai kiɗansa Ennio Morricone ya zama Dan Savio, don 'yan kallo su ɗauka hajar Amurka ce. A Sifaniya aka ɗauki galibin fim ɗin, kuma daga nan hamadar Tabernas da ke lardin Almería ta zama Amurkar aro ta finafinai masu ɗimbin yawa. Fim ɗin ya samu kuɗi fiye da yadda kowa ya zata, sai kowane furodusa ya ruga cikin wannan layi. Mutanen Italiya suna kiran irin wannan yayi filone, kalmar da masu haƙar ma'adinai suke amfani da ita ga jijiyar zinariya a cikin dutse, wadda ake bi ana haƙa har sai ta ƙare. Cikin shekara goma sha 'yan kai aka yi ɗaruruwan finafinan kaboyi.

Ka kuma duba waɗanda ake yi wa finafinan. Mafi yawansu a ƙananan gidajen silima na unguwannin talakawa da garuruwan kudancin Italiya suke mayar da kuɗinsu, inda ma'aikata suke shiga sau da yawa a mako, ana hira, ana shiga ana fita a tsakiyar fim. Duk wanda ya taɓa zama a silimar da ba ta da rufi ya san irin wannan taro. Mai shirya fim ga irin waɗannan 'yan kallo ba zai dogara da doguwar magana ba, dole bayan kowane 'yan mintoci ya jefo wani abin da zai sa a yi shiru a juyo, ko harbi, ko faɗuwa daga bene, ko abin dariya. Da yake kuma finafinan suna da yawa kuma labaransu kusan iri ɗaya ne, hanyar da mutum zai bambanta nasa ita ce ya ɗara na jiya.

Dariyar tana nan tun ranar farko

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka finafinan Leone masu tsanani ne zalla, sai daga baya 'yan barkwanci suka zo suka ɓata. Koma ka kalli fim ɗin 1964 da kyau. Jarumin yana wucewa ta gaban mai sassaƙa akwatin gawa, ya ce masa ya tanadi guda uku, ya je ya nemi 'yan daba su ba alfadarinsa haƙuri saboda sun razana shi, ya harbe su, sannan a kan hanyarsa ta dawowa ya gyara lissafi ya ce huɗu ne. Wannan tsarin barkwanci ne cikakke, da shimfiɗa da jira da faɗuwa, sai dai gawa ce a ƙarshensa. Labarin fim ɗin an ɗauko shi ne daga Yojimbo na Akira Kurosawa na 1961, har kamfanin Japan ya kai ƙara aka sasanta, abin da ya jinkirta fitar fim ɗin a Amurka zuwa 1967. Amma da Leone yake kare kansa, sai ya ambaci wasan kwaikwayon Carlo Goldoni na ƙarni na 18 a kan Arlecchino, baran da yake yi wa iyayengiji biyu aiki a lokaci guda yana ci daga kowane ɓangare. Ko da hujjar ta kare kai ce, ta nuna yadda yake kallon jaruminsa: mayaudari mai wayo, wanda a tatsuniyarmu Gizo ne ya fi kusa da shi, ba salihin kaboyin Holiwud mai kare marayu ba.

A fim ɗin kaboyi na uku na Leone, Il buono, il brutto, il cattivo na 1966, wato nagari da mummuna da mugu, rabin nauyin fim ɗin a wuyan Tuco yake, ɗan fashin da Eli Wallach ya fito a matsayinsa, kuma Tuco ɗan barkwanci ne tun daga tafiyarsa har zaginsa. Sana'arsa da abokinsa ita ce a kai shi a karɓi ladan kama shi, idan an zo rataye shi abokin ya harbe igiyar daga nesa su gudu su raba kuɗin, su sake a wani gari. Akwai kuma inda wani mai hannu ɗaya ya ritsa shi yana wanka a baho, ya tsaya yana dogon jawabin ramuwa, Tuco ya harbe shi da bindigar da ke ɓoye cikin kumfa. Ko a shekarar 1965 ma, 'yan barkwancin Sisili guda biyu, Franco Franchi da Ciccio Ingrassia, sun riga sun fitar da fim mai kwaikwayon na Leone don dariya. Kasuwar barkwanci ta tashi ne tare da ta harbi.

Abin da nake nuna wa ɗalibaina a nan shi ne yadda Leone yake jan lokaci. A fafatawar ƙarshe ta wancan fim na 1966, mutum uku suna tsaye a da'ira a tsakiyar maƙabarta, kyamara tana yawo daga ido zuwa hannu zuwa bindiga na tsawon mintoci, kiɗa yana hawa, sannan komai ya ƙare da harbi cikin ƙiftawar ido. A farkon C'era una volta il West na 1968 kuma, 'yan bindiga uku suna jiran jirgin ƙasa fiye da minti goma, ɗaya yana fama da ƙuda har ya kama shi a cikin bututun bindigarsa, wani kuma ruwa yana ɗiga a kan hularsa. Wannan jan rai shi ne ainihin abin da mai ba da labarin dariya yake yi kafin ya saki kalmar ƙarshe. Tsoro da dariya duka suna buƙatar a ɗaure ɗan kallo sannan a sake shi ba zato, bambancinsu kawai abin da aka saka a wurin sakin. Shi ya sa salon bai sha wahalar karkata zuwa barkwanci ba.

Kayan aikin da suka taimaka

Akwai dalilai na sana'a da suke bayan abin da idonka ya gani. Babba a cikinsu shi ne ba a ɗaukar sauti a wurin ɗaukar hoto. 'Yan wasan sun fito daga Amurka da Italiya da Sifaniya da Jamus, kowa yana magana da harshensa, daga baya a ɗora murya a situdiyo. Tunda kowane sauti ƙirƙirarsa za a yi, babu abin da zai hana a kambama shi, sai ƙarar bindiga ta zama kamar ta igwa mai amsa-kuwwa, takun takalmi ya cika kunne, naushi ya yi ƙara kamar an fasa katako. Morricone ma da bai samu kuɗin babbar ƙungiyar makaɗa ba a farko, sai ya yi amfani da fito, da bulala, da ƙararrawa, da jita mai lantarki, da muryar mutum mai kwaikwayon kukan dila, kuma Alessandro Alessandroni ne mai fiton da kowa ya sani. Na sha gwada wa ɗalibai wani abu a aji: in kashe sautin wani faɗan Bud Spencer, wanda ya fito a matsayin ɗan'uwan Trinity, mu kalla shiru. Nan take suke ganin hannun bai ko taɓa fuskar mutumin ba, kuma dariyar ta ragu ƙwarai. Idan na mayar da sautin, sai su ga marin ya sauka. Kunne ne yake kai dukan, ido yana biye da shi.

Na biyu shi ne tsarin ɗaukar hoto mai suna Techniscope, wanda yake cin rabin faifan da aka saba ci, don haka furodusoshi masu tsimi suka rungume shi. Amfaninsa na gefe shi ne yana ba da damar a cika allo da ƙatuwar fuska a gaba, alhali mahayin da ke can nesa a bayanta ma yana fitowa tangaran. Daga nan aka samu waɗancan fuskoki masu gumi da ƙura da idanun da suka cika allo, waɗanda su kansu ƙarin gishiri ne. Na uku kuma dabara ce tsohuwa tun zamanin fim marar magana: ana haska fim a kan hoto 24 cikin daƙiƙa, to idan aka ɗauka da ƙasa da haka sannan aka haska yadda aka saba, motsi yakan yi sauri fiye da na mutum. Da wannan ake ƙara wa hannun Terence Hill, wanda ya fito a matsayin Trinity, sauri idan zai zaro bindiga.

Gasar ɗara na jiya

Django na Sergio Corbucci, wanda ka kalla, shi ne ya ɗaga ma'aunin. Franco Nero yana jan akwatin gawa cikin taɓo, garin ya zama kufai, sannan ya buɗe akwatin ya fito da bindiga mai jigida ya share mutanen mugu Manjo Jackson. A ciki akwai inda aka yanke kunnen mutum, kuma hukumar tace finafinan Birtaniya ba ta ba shi izini ba sai 1993. Amma lura da cewa fitar bindigar daga akwati dabarar ɗan dabo ce, an ja hankalinka da tambayar me ke ciki na tsawon lokaci, sannan aka ba ka amsar da ta fi ƙarfin tsammaninka. 'Yan kallo a irin wannan wuri tafi da shewa suke yi, ba kuka ba. Sunan ya yi kasuwa har gommai na finafinan da ba su da alaƙa da shi suka liƙa Django a sunayensu.

Bayan haka sai aka shiga zamanin makaman al'ajabi, wanda tasirin finafinan James Bond yake bayyane a cikinsa. Gianfranco Parolini ya kawo Sartana a 1968 da Gianni Garko, ɗan caca mai baƙaƙen kaya da ƙaramar bindiga mai baki huɗu, sannan Sabata a 1969 da Lee Van Cleef, inda wani yake yawo da banjo, abin kiɗa mai tsirkiya kamar garaya, alhali akwai bindiga a cikinsa, wani kuma ɗan alkafura ne mai tsalle daga rufin gida zuwa wani. A wani Sartana na 1970 wanda Giuliano Carnimeo ya shirya, jarumin ya kafa ƙaton abin kiɗan coci mai bututu a tsakiyar titi, yana danna shi bututun suna aman wuta. Idan an kai nan, gawa ta zama lissafi kawai, babu mai jin zafin mutuwar kowa. A ganina hanyoyi biyu ne suka rage. Ɗaya ita ce a dawo wa mutuwa da nauyinta, abin da Corbucci ya yi a Il grande silenzio na 1968, cikin dusar ƙanƙara, inda mugun da Klaus Kinski ya fito a matsayinsa ya kashe jarumin da mutanen da yake karewa, fim ya ƙare a haka. Ɗayar kuma a cire mutuwar a bar wasan.

Trinity

Wanda ya bi hanya ta biyu shi ne Enzo Barboni, mai laƙabin E.B. Clucher, kuma abin lura shi ne shi ne ya ɗauki hoton Django, wato ya san salon daga cikinsa. A Lo chiamavano Trinità na 1970 ya ɗauki kowace alamar jarumin kaboyi ya juya ta. Maimakon baƙo mai kwarjini a kan doki, sai ga ƙazamin malalaci yana barci a kan shimfiɗar da dokinsa yake ja, ya shiga masauƙi ya share kaskon wake shi kaɗai. Ɗan'uwansa Bambino ɓarawon dawaki ne da ya sa bajon shugaban 'yan dokan gari na ƙarya. A farkon fim ɗin har yanzu ana harbe mutane, amma rikicin ƙarshe, inda suke kare manoma mabiya ɗariƙar Mormon waɗanda ba sa ɗaukar makami, da hannu aka yi shi. Na biyunsa da ya fito a 1971 ya sayar da tikiti fiye da miliyan 14 a Italiya.

Mutanen biyu da suka fito a matsayin Trinity da Bambino sun dace da aikin. Terence Hill, wanda sunansa na yanka Mario Girotti, siriri ne mai zafin nama da murmushi. Bud Spencer, wato Carlo Pedersoli, tsohon gwanin ninkaya ne, shi ne ɗan Italiya na farko da ya yi ninkayar mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya a 1950, ya kuma je gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956, saboda haka duk da girman jikinsa ya san yadda ake sarrafa shi. Giuseppe Colizzi ne ya fara haɗa su a 1967 a fim mai tsanani. Faɗansu tsararre ne kamar rawa: Hill yana kaucewa yana zillewa, Spencer yana tsaye ana dukansa bai ko motsa ba, sai ya gaji ya sauke dunƙulen hannu a tsakiyar kan mutum. Waɗanda ake duka ƙwararrun 'yan alkafura ne, kusan fuskoki iri ɗaya daga fim zuwa fim, kuma rabin gwanintar tasu ce, domin faɗuwa mai kyau ita take sayar da duka. Fitowar da na fi so a yi nazari ita ce ta fim na biyu, bayan caca, inda Trinity yake marin wani ɗan bindiga ya zaro bindiga ya mayar, ya sake marinsa ya sake zarowa, kafin wancan ya ko motsa. Tsohuwar fafatawar wa ya fi saurin hannu ce, an bar saurin, an cire gawar, an saka kunyatarwa a gurbinta.

Ɗora murya ma ta ƙara nata. A Jamus, inda mutanen biyu suka yi farin jini ƙwarai, masu fassara irin su Rainer Brandt sun riƙa cusa zantukan raha da babu su a asali, har aka dawo da tsofaffin finafinansu masu tsanani aka yanke wuraren kisa aka sake ɗora musu murya ta barkwanci. Wanda ya saba kallon finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa a Kano ya san yadda mai ɗora murya yake iya sauya yanayin fitowa gaba ɗaya da kalma biyu. Don haka wani lokaci yawan barkwancin da za ka ji ya danganta da kwafin da ya faɗo hannunka.

Leone ya mayar da martani ta hanyar fim. Il mio nome è Nessuno na 1973, wanda tunaninsa ne kuma Tonino Valerii ya ba da umarni, ya haɗa Henry Fonda a matsayin tsohon ɗan bindigar da ya gaji yana son ya tafi Turai, da Terence Hill a matsayin matashin da ya nace sai tsohon ya fuskanci mahaya 150 shi kaɗai kafin ya yi ritaya. Fim ne da tsohon salo da sabo suke kallon juna ido da ido, kuma a wurina shi ne ya fi kowanne amsa tambayarka ta biyu.

Inda bayanina ya tsaya

Ba zan ce maka duk abin da aka yi gwaninta ba ne. Abin da na faɗa ya shafi finafinan da masu shirya su suka san abin da suke yi, kuma su ne marasa rinjaye. Bayan Trinity an yi ta kwaikwayo da 'yan wasa masu kama da Hill da Spencer, ana cin wake ana gyatsa ana faɗawa cikin kwamin ruwan dawaki, ba tare da an fahimci cewa daidaita lokaci ne yake haifar da dariyar ba. An gauraya kaboyi da faɗan Sin, kamar fim ɗin 1974 da ya haɗa Lee Van Cleef da Lo Lieh, a 1975 kuma Franco Nero da kansa ya fito a wani fim inda albasa ce makaminsa. A irin waɗannan, zarginka na rashin iyawa yana da wurin zama. Masana sun kuma saɓa a kan ko barkwanci ne ya kashe kaboyin Italiya ko shi ya ƙara masa 'yan shekaru. Ni na fi karkata ga na biyu, domin jijiyar ta riga ta kusa ƙarewa, kuma daga 1976, da aka buɗe ƙofa ga gidajen talabijin masu zaman kansu a Italiya, ƙananan silimun da suke ciyar da wannan kasuwa suka fara rufewa. Wannan ra'ayi ne na mai tace fim, masanin tattalin arzikin masana'antar zai iya auna abin da wani ma'auni daban.

Idan kana son ka gani da idonka, kalli huɗu a jere bisa shekarunsu: na Leone na 1964, sai Django, sai Trinity na farko, sai na 1973. A kowanne ka zaɓi fitowar faɗa guda, ka riƙe agogo ka auna tsawon jiran da aka yi kafin hannu ya motsa da tsawon motsin kansa, sannan ka sake kallonta ka kashe sauti. In mahaifinka yana kusa, ku kalla tare, ka tambaye shi a wane wuri silima take kaurewa da ihu a zamaninsu.